Furen Kunnen Nana Fuarosa

Sannunku da haƙuri, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na mai cewa wai soyayya ce ta ɗauke mini hankali na manta da ku. Soyayya? Ku dai gyara zama. Kuma tun yanzu ina gaya muku, duk wadda ta shigo don ta ji na yi kuka na yafe, ta ajiye wayarta ta je ta kama wani aikin, don wannan karon ban zo da yafiya ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Moelagi, a gida Lagi. Ina koyar da tarihi a wata sakandaren ƴan mata a nan Apia, babban birnin tsibirinmu, kuma ina da jarabar ɗaukar hoto. Akwai saurayi, Malaki, mai shagon buga takardu da wankin hoto a bayan kasuwa. Dogo ne, mai sanyin murya, in ya ce "Lagi" sai ki rantse bai taɓa kiran sunan wata ba. Danginsa sun riga sun zo gidanmu, an yi magana, an sa watan biki. Mama kuwa tun ranar bakinta bai rufu ba, ko wanke-wanke take yi sai ta haɗa da waƙar coci.

Abin ya faro ne wata Lahadi a gidan su Malaki, wajen cin abinci bayan an taso daga coci. Na sa puletasi ɗina fara sol, riga da zaninta, mai zanen ganye a kafaɗa, wadda Mama ta goge mini har ta kusa ƙona hannun. An jera gasasshen gwaza, ga ganyensa da aka naɗe da madarar kwakwa, ga ɗanyen kifi da lemon tsami. Manya suna ci, ni ina durƙushe a gefe ina yi musu fifita ina korar ƙuda, cikina yana kuka, fuskata tana murmushi.

Mahaifiyarsa, Anti Siniva, ita ce shugabar ƙungiyar matan cocinmu. Mace ce da ba ta ɗaga murya, amma in ta yabe ka sai ka je gida kana laluben inda ta soke ka. Ta wanke hannu a kwanon da na miƙa mata, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama Lagi, ƙungiyarmu za ta cika shekara ɗari. Ke za ki shirya mana Apia jiya da yau, a haska a majigi. Tsohon hoto a gefe, sabo a gefe. Malaki ya riƙe miki kwamfuta."

"To, Anti, da yardar Allah."

Ta sa aka ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotuna, na wani ɗakin hoto da ya rufe tun kafin a haife ni. Tana ta zaro su ɗaya bayan ɗaya, ga kasuwa, ga tashar jirgin ruwa, ga hasumiyar agogo. Sai ta zaro wani ta ajiye shi a kan tabarma, ta turo mini da yatsa ɗaya.

"Wannan kam kada ki kuskura ki bar shi. Ya fito da bakin teku sosai."

Na duba. Kakata ce, Nana Fuarosa, tana yarinya, tana jingine da katangar bakin teku, tana dariya har haƙoranta a waje, da babban fure a kunnenta na dama.

Na ɗago na kalli Malaki. Yana ta fama da ƙayar kifi kamar ita ce aikin da aka turo shi yi duniya.

Ku da kuke nan kun sani, fure a hagu mai miji ce, fure a dama kuwa tana cewa ƙofa a buɗe take. Lokacin da aka ɗauki wannan hoton Nana tana da aure, tana goyon Mama, mijinta Ioelu ya tafi ƙasar waje, birnin Auckland, aikin masana'anta. Mai ɗakin hoton ya yanko fuskarta daga kafaɗa zuwa sama ya liƙa a tagar shagonsa don talla. Kafin sati ya zagayo gari ya ɗauka: matar Ioelu ta sa fure a dama, tana yi wa wani dariya, wasu suka ce ma'aikacin jirgin ruwa ne. Wani mai son alheri ya aika wa Ioelu hoton. Bai sake dawowa ba, can ya yi wani auren, can aka binne shi. Ƙungiyar mata ta zauna, aka karɓe wa Nana farin kayanta na ƴan ƙungiya a gaban kowa. Wadda ta miƙe ta karanta hukuncin ita ce Peka, mahaifiyar Anti Siniva, wadda a da ita da Nana tare suke zuwa wanki rafi.

Nana ta faɗa, ta sake faɗa, har ta gaji: "A hagu na sa shi." Aka ce hoto ba ya ƙarya. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Peka ta mutu da girmanta, an yi mata kabari mai rufin kwano a ƙofar gida. Nana tana nan da rai, tana zuwa coci ta zauna a bencin baya, ta fice kafin a gama waƙar ƙarshe.

A mota, Malaki yana mayar da ni gida, na cika na batse.

"Me uwarka take nufi?"

"Haba Lagi, tarihi ne. Ba ke ce malamar tarihi ba?"

"Tarihin kakata za a haska a bango, mata su sha shayi suna kallo?"

"Minti ɗaya ne ya wuce. Ki yi haƙuri don ni."

Na kai ƙara wurin Mama, ina zaton za ta tashi da faɗa. Tana tankaɗen fulawa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ki haska. Gwada ki take yi, ta ga ko kina da haƙurin zama da su."

"Mama, uwarki ce fa!"

"Ni za ki gaya wa uwata ce? Ke kika tashi ana kiranki ɗiyar mai furen dama? Ke aka hana riƙe tuta a makaranta? Gida kamar nasu ya sauko ya nemi ɗiyata, ki zo ki ɓata mini da taurin kanki. Ki haska, Lagi, ki haɗiye."

Na haɗiye. Amma bai wuce mini a maƙoshi ba.

Aikin jiya da yau ba wai ka je wuri ka danna kyamara ba ne. Sai ka nemo daidai inda mai hoton farko ya tsaya, ka sa ƙafarka a gurbin tasa. Gidaje suna rushewa, itatuwa suna faɗuwa, guguwa ta kwashe rufi, don haka abin da ba ya motsi kake kamawa: kafaɗar dutse, bakin kogi, hasumiya. In waɗannan suka hau kan juna a tsoho da sabo, to ka samu wurin. Na yi na kasuwa, na yi na tashar jirgi, na yi na cocin da aka rushe aka sake ginawa. Duk sun zauna daram. Na Nana na bari a ƙarshe, don ko taɓa shi ba na son yi.

Wannan na gwangwanin ba yankakke ba ne irin wanda aka liƙa a taga. Cikakke ne. A bayan Nana ga titi ya miƙe, teku a hagu, dutsen Vaea a dama, can nesa hasumiyar agogo, da wata bas ta katako ta ba da baya tana tafiya. Ranar Asabar na rataya kyamara, na ɗaura zani, na sa silifa, na tafi inda teku zai faɗo mini a hagu in na fuskanci agogo.

Wallahi na sha rana. In na daidaita agogo sai dutse ya gudu, in na kamo dutse sai agogo ya shige bayan wani gini. Na matsa gaba, na ja baya, na hau katanga, na durƙusa har wata mai sayar da kwakwa ta ce, "Ke yarinya, kuɗi kika yar ne?" Na ce a raina ai an cike teku an yi gine-gine a nan, shi ya sa. Na saya mata kwakwa ɗaya na zauna ina sha, ina harare-hararen hoton.

Sai ga wata bas ta zo ta wuce ni, kiɗa yana tashi, ta ba ni baya ta miƙe ta gefen hagu, sak yadda ta cikin hoton take. Na zabura na ɗauka. Har na yi murna, na ce to ko ba komai bas dai ta zauna.

Murnar ce ta tsaya mini a ƙirji.

Ina ƴar firamare aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan. Na tuna ranar, an ba da hutu, jiniya tana ta kuka, Papa ya hana mu leƙa titi, shi kansa ya zauna a mota yana addu'a kafin ya tayar. Kafin ranar nan kowa a dama yake tuƙi. To me bas take yi a hagu a hoton da aka ɗauka Mama tana goye?

Na ɗauki hoton da wayata, na danna na juya shi, hagu ta koma dama. Na bar kwakwar a nan, na zagaya ɗaya ɓangaren hasumiyar, kusan da gudu, silifana yana ta fas-fas. Na tsaya inda teku ya dawo damana. Na ɗaga wayar. Dutse ya hau kan dutse. Agogo ya hau kan agogo. Lanƙwasar katanga ta bi lanƙwasar katanga kamar an zana da biro. Bas ta koma hannunta na da. Furen kuma yana kunnen hagu.

Mai wankin hoton ne ya kifa dodon hoton, baƙin fim ɗin nan da ake fitar da hoto daga shi, ya wanke shi a juye. Shi ke nan. Abin da ya raba mace da mijinta, ya raba Mama da uba, ya zaunar da tsohuwa a bencin baya, bai wuce haka ba. Na zauna a kan katangar na yi kuka, ba na baƙin ciki ba, na haushi. Ban taɓa jin zuciyata ta yi zafi irin na ranar ba.

Kun san wautar mai so. Wurin wa na fara rugawa? Shagon Malaki. Na same shi yana yanka katunan bikin wasu, fanka tana kaɗa takardu. Na dangwara masa wayar a gaba.

"Duba! Duba bas ɗin! A kife aka wanke shi, Malaki, a hagu ta sa!"

Na jira ya zabura. Bai zabura ba. Ya ajiye almakashi, ya je ya tura ƙofa, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Na sani."

"Ka san me?"

"Tun ranar da na zuba hotunan gwangwanin a kwamfuta, kafin ma a ba ki aikin. Sana'ata ce, Lagi. Kallo ɗaya nake yi wa hoto in gane a juye yake."

Na dafa teburin.

"Uwarka fa?"

Ya hau tattara katunan da ya yanka.

"Malaki, da kai nake. Uwarka ta sani?"

"Na gaya mata."

"Ta ce me?"

"Ta ce abin da ya wuce ya wuce. Sunan mahaifiyarta ba abin wasa ba ne, kuma ana shirin sa hotonta a zauren ƙungiya. Lagi, ki fahimta, in wannan ya fito, Nana Peka ce za a ce ta yanke hukuncin zalunci. Bari a yi bikinmu. Bayan nan ni da kaina zan je in gaya wa Nana Fuarosa a hankali, mu uku, ba wanda ya ji."

Ku ji fa. Ta sani, kuma da saninta ta turo mini hoton da yatsa, ta ce ya fito da bakin teku. Shi kuma yana zaune yana cire ƙayar kifi. An ci mutuncin tsohuwa a gaban gari, za a wanke ta a ɗaki, mu uku, in ma ta kai lokacin.

A nan ne wani abu ya mutu a raina, wani kuma ya tashi. Na share fuska, na saki murmushi.

"Ka yi gaskiya. Ni ce na yi gaggawa."

Har ajiyar zuciya ya yi. Ya kamo hannuna ya ce shi ya sa yake so na, ina da hankali.

Da yamma saƙonninsa suka fara shigowa.

"Kin isa gida lafiya, farin cikina?"

"Lafiya lau."

"Ba kya fushi ko?"

"Fushin me? Ka tanadi farar rigarka, kai ne a kan kwamfuta."

"Mama ta ce a gaishe ki, ta ce ke ɗiyar kirki ce."

"Ka ce ina amsawa. Ka ce ta zauna a gaba, ta ga aikin da kyau."

Na haɗa masa da hoton zuciya har guda uku. Ban taɓa tura saƙo da daɗin rai irin wannan ba.

Mama ban gaya mata ba, don na san za ta ɓoye mini kyamara ta kulle ni a ɗaki. Nana ma ban gaya mata ba. Na same ta a rumfarta ta bayan gida tana saƙar tabarma, yatsunta duk sun lanƙwashe amma ba sa kuskure.

"Nana, ranar taron ƙungiya ina so ki zo."

"In je in yi me? Sun rasa mai share musu zaure ne?"

"Ki zo ki ga jikarki tana magana a gaban mutane."

"Ke kullum ba magana kike yi ba? Tun da aka haife ki ban huta ba."

"Nana, don Allah."

Ta tsaya da saƙar, ta daɗe tana kallona. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ta ce, "Ki goge mini rigar nan ruwan ƙasa, ba mai yagaggen hannu ba."

Ranar taro zaure ya cika maƙil. Mata fari fat tun daga hula har takalmi, mafitai suna ta kaɗawa, ƙamshin man kwakwa da furanni ya cika wurin. Dattawa a gefe da zannuwansu masu aljihu, fasto da matarsa a gaba. Ni na sa ja, jar puletasi da Mama ta ce ta yi ƙarfi, na ce ita na ga dama. Na shigo riƙe da hannun Nana, ita kaɗai ce mai ruwan ƙasa a cikin fararen nan. Surutu ya ɗan lafa, mafitai suka rage gudu.

Anti Siniva ta taso da murmushinta, sarƙar furanni har ƙirji.

"A'a, yau manyan baƙi gare mu. Ku ba tsohuwa kujera a gaba, ta ga kanta da kyau."

Nana ta zauna, ta dogara sandarta a gabanta. Mama tana can tsakiya, ta sunkuyar da kai kamar ta nutse.

Aka rufe labule, Malaki ya kunna majigi, na karɓi abin magana. Na fara da kasuwa. Tsofaffi suka hau shewa, wannan ta ce ga rumfar gwaggonta, waccan ta ce ƙarya ne, rumfar surukarta ce. Na nuna tashar jirgi, na nuna coci, na nuna musu yadda dutse yake hawa kan dutse a kowane hoto biyu. Na maimaita wannan sosai, don ina so idonsu ya saba. Ana ta tafi. Anti Siniva tana gyaɗa kai tana duban matar fasto, wai ga surukarta.

"Na gaba, Malaki."

Fuskar Nana ta cika bango.

Kun san irin shirun da ba shiru ba ne? Ƙus-ƙus ya tashi daga baya. Wata ta yi ƴar dariya ta rufe da mafici. Na kalli Nana. Ta miƙe wuya, idonta a kan bangon, hannunta ya damƙe sandarta har jijiyoyi sun fito.

Na ce, "Wannan hoton Anti Siniva ce da kanta ta zaɓa, ta ce ya fito da bakin teku. Gaskiyarta. Amma ya ba ni wahala, iyayena, sai kun taimake ni. Ni yarinya ce. A zamanin nan, ta wane hannu ake tuƙi?"

Wani dattijo ya ɗaga murya, "Dama mana! Ai jiya-jiya aka sauya."

"Dama!" mata suka amsa, har da masu dariya.

"To ku dubi bas ɗin can. Ta ba mu baya. A wane hannu take?"

Na ga kawuna suna karkata. Dattijon nan ya miƙe tsaye, ya matso, ya kare ido da hannu.

"Kai! A hagu take. Wannan direba ya sha ne?"

"Bai sha ba, Baba. Hoton ne aka wanke a kife." Na juya, na sassauta murya yadda kowa zai ji daɗinta. "Malaki, masoyina, juya mana shi."

Na rantse muku na ga lokacin da jini ya bar fuskarsa. Ya kalle ni, ya kalli uwarsa. Ita kuma ta ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda take zaton ba wanda ya gani. Yatsansa yana kan kwamfuta ya ƙi motsi, gumi ya jiƙa farar rigar.

Matar fasto ta ce, "Juya mana, ɗana, mu gani."

"Juya!" in ji dattijon.

Ya juya. Da hannunsa, a gaban uwarsa. Na ce ya jera shi da sabon da na ɗauka. Dutse ya hau kan dutse, agogo ya hau kan agogo, bas ta koma dama. Ban ce komai a kan furen ba, ban ma nuna shi ba. Na bar su suka gani da idonsu.

Wata tsohuwa a layi na biyu ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo Allah, Fuarosa!" Sai zauren ya rikice. Na ji kukan Mama daga tsakiya, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba.

Da mai hankali ce da ta tsaya a nan. Ni ban tsaya ba.

"Kada ku yabe ni, ba ni na fara ganowa ba. Malaki ne, gwanin hoto. Tun kafin a ba ni aikin ya gani, ya kuma gaya wa Anti Siniva. Ku tafa musu."

Ba wanda ya tafa. Anti Siniva ta hau gyaran sarƙar furanninta har ta tsinke, furanni suka zube mata a cinya.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar Nana. Ta miƙe da kyar, ta juya ta fuskanci matan. Na miƙa mata abin magana ta ture shi.

"Ni ba sai bas ta gaya mini ba," ta ce, muryarta har baya ana ji. "Siniva, uwarki ma ba sai bas ta gaya mata ba. Ita ta tsinko furen nan a gidansu, ita ta soka mini da hannunta, ta ce matar Ioelu sai hagu. Dariyar da kuke gani, ita nake yi wa. Tana tsaye a bayan mai hoton tana kwaikwayon tafiyarsa."

Ko ni ban san wannan ba.

Nana ta dube ni. "Kai ni gida, ƙafata ta gaji."

Muka ratsa tsakiyarsu, mata suna janye ƙafafu suna ba mu hanya. Ba a sha shayin ba, na ji an ce har kek ɗin shekara ɗarin ba a yanka ba.

Washegari da sassafe Mama ta faɗo ɗakina, ko zaninta ba ta ɗaura daidai ba.

"Lagi, tashi! Sun zo!"

Na leƙa ta taga. A filin ƙofar gidanmu dangin Malaki ne zaune a ƙasa, maza da mata, kai a sunkuye, ba mai magana. A gabansu mutum biyu sun durƙusa, an lulluɓe su da lallausar tabarmar nan mai jan gashin tsuntsu a baki, wadda ba a fito da ita sai babban al'amari. Ifoga suka kawo, neman gafarar dangi ga dangi. Haka za su zauna, ko rana ko ruwa, ba ci ba sha, har sai wanda aka yi wa laifi ya fito ya yaye tabarmar. In an yaye, magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita. Ta ƙasan tabarmar na hango ƙafafu. Manyan na san su. Ƙananan masu jan farce ma na san su.

Maƙwabta har sun fara taruwa a bakin shinge. Mama tana ta murza hannu.

"A yaye musu, don Allah, mutane suna kallo. Ya isa haka. Har yanzu ana iya gyara maganar bikin."

Papa, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Ba ni aka yi wa ba, ba ke aka fara yi wa ba. Tsohuwa ce mai tabarma."

Nana ta sa aka fito mata da kujerarta baranda, aka ajiye ta daidai saitinsu. Ta zauna, ta gyara zani, na kawo mata kokonta mai zafi a kofin ƙarfe. Ta hura, ta kurɓa, ta daɗe tana kallon tabarmar.

"Hannuna ya tsufa, ba ya ɗaga abu mai nauyi," ta ce. "Lagi ce ta juya hoto, ita za ta yaye. In ta ga dama."

Duk suka zubo mini ido. Wayata ta yi ƙara a hannuna. Daga ƙarƙashin tabarmar ne, ku ji ƙarfin hali.

"Lagi, na tuba. Rana ta fara zafi, kin san Mama ba ta jure rana. Ki tuna son da nake miki."

Na karanta, na kife wayar a kan tebur. Na ɗaga kai na dubi sama, ko ɗigon gajimare babu, rana kuma yanzu ta fara leƙowa ta kan itatuwan kwakwa.

"Nana, in ƙaro miki koko?"

Ta miƙo mini kofin ba tare da ta ɗauke ido daga kansu ba.

"Ƙaro. Ki daka sabo, ki dama shi a hankali. Ba sauri muke yi ba."